ADON KUNDIN HOTUNA: YADDA A KE RINA FURE A KWAMFUTA YA DACE DA HOTO

'Yan'uwa mata, makon nan maganar launi za mu yi. Ko wace mace ta san ba ko wane ɗankwali a ke ɗaurawa a kan ko wane zane ba. In kuwa za ki sayi zaren da za a yi wa zane kalmasa, ba ki zuwa wajen mai zare hannu rabbana, sai kin yanki ɗan ƙyalle kin tafi da shi, kina karawa jikin zaren ɗaya bayan ɗaya har ki sami wanda ya shiga. Wannan sani ne babba, ko da ya ke ba a aji muka koye shi ba. To, ga shi zamani ya kawo wani sabon wuri inda a ke bukatarsa, watau wajen shirya kundin hotunan iyali a kwamfuta ko a wayar hannu.

Hotuna sun yi yawa a hannunmu yanzu. Na biki, na suna, na salla, na ranar da yarinya ta gama makaranta, duk suna cikin waya a cunkushe, ba suna, ba kwanan wata. Ran da waya ta faɗa ruwa ko ta ɓace, shi ke nan, tarihin gida ya bi ta. Maganin wannan shi ne a zaɓi masu kyau a shirya su shafi shafi, a rubuta bayaninsu, a ƙawata su, sa'an nan a buga a ajiye. Amma fa ado in bai dace ba gara babu shi, kuma yawancin abin da ke ɓata shafi launi ne.

ASALIN ABIN

Wannan sana'a ta Turawa ce. Tun ƙarni na 19 matan Ingila da na Amurka su ke da al'adar ajiye babban littafi mai farar takarda, suna liƙa katin gaisuwa, da guntayen jarida, da busassun furanni, daga baya kuma da hotuna. Abin ya karɓu har wani shahararren marubucin Amurka, Mak Tuwen, ya ƙago littafi mai gam a jikin shafinsa, sai dai a jiƙa a manna, ya kuwa yi masa rajista a 1873. A 1980 wata mata mai suna Marielen Christensen, mutuniyar jihar Yuta a Amurka, ta kai kundi 50 na tarihin gidansu wani babban taro ta nuna. Mutane suka yi sha'awa ƙwarai, a 1981 ita da maigidanta suka buɗe kantin sayar da kayan wannan aiki. Daga nan abin ya bazu, har ya zama mata suna taruwa da almakashi da gam suna yi suna hira, kamar yadda a ke taruwa wajen kitso.

Da kwamfuta ta shiga gidaje, sai almakashi da gam suka koma cikinta. Manhajar Photoshop ta kamfanin Adobe ta fito a 1990, ita kuɗi a ke biya. GIMP ta fito a 1996, ita kyauta ce. Canva kuwa an fara ta a ƙasar Ostareliya a 2013, tana aiki ko a waya, kuma wani sashenta kyauta ne. Masu zane suna shirya kayan ado ƙunshi ƙunshi suna sayarwa ko su ba da kyauta ta intanet. Cikin ƙunshi za ki sami takardun bango, da firam, da furanni, da leshi, da maɓallai, da kintinkiri, duk a hoto, amma kamar ki sa hannu ki ɗauka.

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa shi ne manhaja tana ajiye ko wane abu a kan fallensa dabam, kamar a ce an jera fallayen gilashi ɗaya bisa ɗaya. Takardar bango tana fallen ƙasa, hoto yana bisanta, firam yana bisa hoto, fure yana can sama. Sabo da haka ana iya ɗaga fure, ko a juya shi, ko a sake masa launi, ba a taɓa sauran ba. Photoshop ta sami wannan dabara ta falle a 1994.

HOTO SHI NE AMARYA

Ga matsalar da ko wace mai wannan aiki ke karo da ita. A ce kina da hoton ƙanwarki ran bikinta, ta sa atamfa kore mai ɗigon ruwan goro, da mayafi ruwan madara. Kin sami fure mai kyau da firam wanda ya kwanta miki a rai, amma furen ruwan hoda ne, firam ɗin kuwa shuɗi. In kin ɗora su haka, shafi zai zama kamar rumfar mai sayar da robobi, ido ya rasa inda zai sauka. In kin ce sai kin sayi wani ƙunshi don ko wane hoto, kuɗin cefane zai tafi. Hanyar da ta fi ita ce ki rina furen da firam ɗin su bi atamfar.

Ki riƙe wannan ka'ida, domin duk sauran bayani a kanta ya ke tsaye: a kan shafi, hoto shi ne amarya, kayan ado ƙawayenta ne. Ƙawa kuwa ba ta fin amarya kwalliya, ba ta kuma zaɓar mata anko. Daga jikin hoto a ke ɗibar launi a kai wa ado. Ba a sake hoto don ya bi fure.

YADDA KWAMFUTA TA SAN LAUNI

Mu Hausawa da sunan abu mu ke kiran launi. Mu ce ruwan goro, ruwan ƙwai, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan makuba. Sunaye ne masu daɗi, amma in kin aiki yara biyu su sayo zare ruwan goro, kada ki yi mamaki in sun kawo iri biyu. Ita kwamfuta ba ta san goro ba, lamba ta sani.

Fuskar kwamfuta ko ta waya cike ta ke da ƙananan ɗigo, ko wane ɗigo kuma yana da 'yan fitilu uku: ja, da kore, da shuɗi. Ko wace fitila tana da mataki daga 0, watau a kashe, zuwa 255, watau an ƙure ta. In duka ukun suna 0, baƙi ke nan. In duka suna 255, fari fat. In ja tana 255 sauran suna 0, ja wur. Abin mamaki, in an kunna ja da kore tare aka kashe shuɗi, rawaya a ke samu. 'Yan makaranta, ku lissafa 256 sau 256 sau 256, za ku sami 16,777,216. Yawan launukan da a ke iya haɗawa ke nan.

Don sauƙi, akan taƙaita lambobin nan uku su zama alama shida, haruffa da lambobi gauraye, da 'yar alamar # a gabansu. Ja wur shi ne #FF0000, fari #FFFFFF, baƙi #000000. Ba sai kin haddace ba. Abin da za ki sani shi ne ko wane launi yana da tasa lamba, kuma in kin rubuta lambar nan a ko wace manhaja, launin nan zai fito, ba ƙanensa ba, ba wansa ba.

ƊIBAR LAUNI DAGA HOTO

Cikin kayan aikin manhaja akwai wata 'yar alama mai kama da abin ɗiga maganin ido. Mu kira ta maɗebin launi. Ita ce ƙyallen da ki ke kai wa mai zare. A Photoshop harafin I a ke latsawa ta fito, a GIMP harafin O. Ki ɗora bakinta a kan atamfar da ke cikin hoton ki latsa, sai ta ɗebo launin wurin, ta nuna miki lambarsa. Ita Canva har jera miki launukan da ta gani cikin hotonki ta ke yi, sai dai ki zaɓa.

Amma akwai hattara biyu. Na farko, zane a jikin mutum ba launi ɗaya ne ba. Inda rana ta buga ya yi haske, inda ya naɗe ya yi duhu. Sabo da haka ki ɗiba daga wuri uku: mai haske, da matsakaici, da na inuwa. Matsakaicin shi ne zai zama babban launinki, sauran biyun kuwa za su yi miki amfani wajen rubutu da gefen firam. Na biyu, maɗebin in an bar shi yadda ya zo, ɗigo ɗaya tak ya ke ɗauka, mai yiwuwa kuwa ɗigon nan baƙo ne cikin 'yan'uwansa. A saman allo akwai wurin da za ki gaya masa ya ɗauki ɗigo 5 sau 5 ya gauraya su ya ba ki tsakatsakinsu. Wannan ya fi kusa da abin da ido ke gani.

Da kin sami launukan da ki ke so, ki rubuta lambobinsu cikin ɗan littafi, kamar yadda tela ke rubuta awo. In kundin biki shafi 20 ne, lambobin nan su za su sa shafin farko da na ƙarshe su zama 'yan gida ɗaya, ko da wata biyu ne tsakanin yinsu.

LAUNI NAWA ZA A SA?

Uku sun isa. Masu ƙawata ɗakuna a Turai suna da wani awo da su kan bi: launi na farko ya ci kashi 60 cikin 100, na biyu kashi 30, na uku kashi 10. Mu ɗauke shi kamar akushi: tuwo ya fi yawa, miya ta biyo, man shanu kuwa ɗan kaɗan a ke zubawa. A misalinmu na ɗazu, takardar bango ta zama ruwan madara irin na mayafi, firam da ganyaye su zama kore irin na atamfa, ruwan goro kuwa a bar shi ga ƙananan furanni biyu ko uku. Launi mai ƙarfi shi ne man shanu. In ya yi yawa sai ya gundura.

In hoton bai ba ki launi uku masu jituwa ba, akwai abin da a ke dubawa, watau da'irar launuka. Masanin nan na Ingila, Niyuton, shi ya jera launukan bakan gizo a da'ira cikin littafinsa na 1704. A da'irar da kwamfuta ke aiki da ita, ja yana kan 0, rawaya 60, kore 120, ruwan sararin sama mai ɗan kore 180, shuɗi 240, jan shunayya 300, a zagayo a komo ja a kan 360. Launukan da ke maƙwabtaka suna zaman lafiya, kamar kore da rawaya, ko shuɗi da shunayya. Waɗanda ke fuskantar juna daga nesa kuwa, kamar shuɗi da ruwan goro, suna ƙara wa juna ƙarfi. Irin waɗannan ba a ba su rabo daidai, sai ɗaya ya zama tuwo ɗaya ya zama man shanu.

RINI IRI UKU

Kafin ki taɓa ko wane abu, ki yi masa kwafi. A Photoshop ki danne Ctrl ki latsa J, sai fallen ya zama biyu. Ki yi aiki a kan na saman. In wani abu ya ɓaci, Ctrl da Z suna komar da ke baya.

Hanya ta farko ta abin da launinsa bai ɗaya ne, ba inuwa ba naɗi, kamar rubutu, ko layi, ko takarda marar zane. Wannan ba wuya. Ki zaɓe shi, ki buɗe akwatin launi, ki rubuta lambar da kika ajiye. A Canva ma haka ne: in kin taɓa ado, 'yan alamomi masu launi suka bayyana a sama, to, ana iya sake shi. In ba su bayyana ba, hoto ne, ba ya rinuwa ta wannan hanya.

Hanya ta biyu ta abin da ke da launinsa, kina so ki juya shi zuwa wani. Ki danne Ctrl ki latsa U, akwati zai buɗe mai layi uku, ko wanne da ɗan maɓalli a tsakiya wanda a ke ja hagu ko dama. Layin sama na jinsin launi ne, shi ke zagayawa da fure a kan da'irar nan, daga ruwan hoda zuwa ruwan goro zuwa kore. Na tsakiya na ƙarfin launi ne, watau bambancin sabon zane da wanda ya koɗe. In kin ja shi hagu har ƙarshe, fure ya koma ruwan toka. Na ƙasa na haske ne. Ki fara da na sama har ki zo kusa, sa'an nan ki gyara da sauran biyun kaɗan kaɗan, kina duban hoton. Yawancin masu koyo ƙarfi su kan cika, fure ya fito yana walƙiya kamar fitilar mota. Sau da yawa rage ƙarfi shi ne gyaran.

In furen yana da ganye, za ki ga ganyen ma ya sake, ya zama shuɗi ko ja. Maganinsa yana saman akwatin, inda akwai jerin gida shida na launuka. Ki zaɓi gidan ja kaɗai, sai furen ya sake, ganye ya tsaya korensa.

Hanya ta uku ita ce ta wanda ke son launi ya fito daidai da lambar da aka ɗiba, ita ce kuma ta fi kama da aikin marina. Da fari ki wanke furen: Shift da Ctrl da U tare suna cire masa launi, ya koma ruwan toka, amma naɗinsa da inuwarsa suna nan. Sa'an nan ki buɗe sabon falle bisansa, ki cika shi da launin da kika ɗebo, ta latsa Alt da Backspace. Shafi duka zai rufe, kada ki tsorata. Ki latsa Ctrl da Alt da G, sai launin ya tsaya iyakar jikin furen. Saura abu ɗaya: a saman jerin fallaye akwai wurin zaɓen yadda falle zai gauraya da na ƙasansa. Ki zaɓi wanda a ke ce wa kala. Nan take launi zai shiga jikin fure kamar rini, naɗi da inuwa su bayyana. Duk waɗannan dabaru suna cikin GIMP, ƙarƙashin jerin launuka da na fallaye, sai dai maɓallan sun bambanta.

FARI YANA RINUWA, BAƘI BA YA YI

Wadda ta taɓa leƙa marina, kamar ta Ƙofar Mata a Kano, ta san farin ƙyalle a ke tsomawa cikin baba. In an tsoma sau ɗaya ya fito shuɗi mai haske, in an yi ta maimaitawa ya yi ta duhu har ya kusa baƙi. Amma ba wanda ya taɓa kai baƙin zane marina ya ce a mai da shi ruwan ƙwai. To, a kwamfuta ma kusan haka ne.

Fure fari fat, ko baƙi ƙirin, ko ruwan toka, in kin ja layin jinsin launi ba abin da zai motsa, domin ba launin da za a juya. Ga farin fure, ki bi hanya ta uku, amma maimakon kala ki zaɓi wanda a ke ce wa moltifulai. Shi aikinsa duhuntawa, yana shiga fari kamar yadda baba ke shiga alawayyo. Abu mai duhu kuwa sai an fara haskaka shi. Ctrl da L suna buɗe akwatin da a ke yin wannan. Amma sau da yawa yakan fito da borin ƙura a jikinsa, sabo da haka in kina da zaɓi, ki nemi mai haske ki rina. Dalili ke nan da ya sa gwanayen aikin nan su ke tara fararen furanni da farin leshi: guda ɗaya yana yi musu aikin goma.

Ki kuma sani ko wane launi yana da nauyinsa. Rawaya mai haske ce tun asali, shuɗi kuwa mai duhu ne. In kin juya shuɗi mai duhu zuwa rawaya ba ki ƙara haske ba, abin da za ki samu shi ne wani ruwan miyar kuka. Abubuwa masu sheƙi, kamar lu'ulu'u da maɓallin ƙarfe, ki bar musu ɗan farin da ke ƙyalli a jikinsu, in ya rinu sun zama roba. Inuwar da ke ƙarƙashin fure ita ma ba a rina ta. Abin da kowa ya san launinsa kuwa, kamar itace ko igiyar rama, a bar shi yadda ya ke.

Akwai kuma haƙƙin mai zane. Ko wane ƙunshi yakan zo da takardar sharuɗɗa. Ki karanta, ko ki sa 'yar makaranta ta karanta miki. Galibi sun yarda ki rina don amfanin gidanki, amma ba su yarda ki rina ki sayar ko ki raba kamar ke kika zana ba.

IDO YANA RUƊUWA

Wani lokaci lamba ta yi daidai, amma ido ya ce a'a. Wannan tsohuwar magana ce. A 1824 aka naɗa wani masanin haɗa magunguna, Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris, inda a ke saƙa manyan dardumomin bango. Aka yi ta kawo masa ƙara cewa baƙin zarensu ba shi da ƙarfi. Ya bincika, ya tarar rinin ba shi da laifi. Ashe baƙin in ya zauna kusa da shuɗi ko shunayya, sai ido ya gan shi ya sake. Ya ci gaba da gwaje-gwaje, a 1839 ya fitar da littafi a kan yadda ko wane launi ke sake kamannin maƙwabcinsa.

Darasin da ke ciki a gare mu shi ne kada ki yanke wa fure hukunci yana shi kaɗai. Ki ja shi ki kai shi inda zai zauna, bisa takardar bangonsa, kusa da hoton, sa'an nan ki duba. Kore ɗaya zai yi duhu a kan farar takarda, ya yi haske a kan baƙa. In ido ya gaji, ki tashi ki ɗora tukunya ki komo. Ki kuma ƙanƙanta shafin ya zama kamar akwatin ashana ki dube shi. In furen kika fara gani kafin fuskar amarya, to, ƙawa ta wuce gona da iri, sai a rage mata ƙarfi.

FUSKA BA TA RINUWA

Ga maganar da ta fi duk sauran nauyi. Maɓallan da ke rina fure suna iya rina mutum. Wayoyi da yawa ma suna da abin da ke haskaka fata da kansa, ko ba a tambaye shi ba. 'Yan'uwa, kundin hotuna don 'ya'ya da jikoki a ke yinsa. In kin mai da baƙar kakarsu fara, kin ba su wata mace dabam, kuma kin gaya wa jikanyar da ta ɗauko kamanninta cewa launinta abin gyara ne. Baƙa ta fito baƙa, wankan tarwaɗa ta fito wankan tarwaɗa, fara ta fito fara. Sabo da haka duk sa'ad da za ki ja wani layi, ki duba jerin fallaye ki tabbata fallen ado kika zaɓa, ba na hoto ba.

Gyara ɗaya ne ya halatta ga hoto, watau gyaran ƙaryar fitila. Hoton da aka ɗauka da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki yakan yi rawaya, wanda aka ɗauka cikin rumfar tamfol mai launi kuwa kowa yakan ɗauki launin tamfol ɗin. Cikin akwatin Ctrl da L akwai ƙananan maɗebai uku. Ki ɗauki na tsakiya ki taɓa wani abu cikin hoton wanda kika san ba shi da launi, kamar bangon siminti ko inuwar farar riga, sai launukan su komo daidai. Wannan ki yi shi tun kafin ki ɗebi launi, in ba haka ba rawayar fitila za ki kai wa furanninki. In kuwa hoton taro ne, kowa da irin zanensa, launuka suna ta faɗa, ki yi kwafinsa ki mai da kwafin baƙi da fari, sa'an nan ko wane ado zai zauna da shi. Na asali kuwa ki ajiye shi wuri biyu, kada ki taɓa shi.

KAFIN A KAI WAJEN BUGAWA

Abin da ki ke gani a fuskar kwamfuta haske ne, abin da zai fito a takarda kuwa tawada ce. Injin bugawa da tawada huɗu ya ke aiki: shuɗi mai haske, da jan shunayya, da rawaya, da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa, musamman shuɗi mai walƙiya da kore shar. Kuma kusan kullum takarda takan fi allo duhu. Don haka ki rage hasken allonki zuwa tsakatsaki sa'ad da ki ke aiki, ki kashe abin nan da ke sa allo ya yi rawaya da dare. Kada ki ba da shafi 20 a buga gaba ɗaya. Ki ba da ɗaya, ƙarami, ki fita da shi tsakar gida ki duba a inuwa da rana. In ya yi, a buga sauran wajen mai injin nan, kada a sake wani. Rigakafi ya fi magani.

Girman shafi kuwa tun farko a ke yanka shi. Matan Amurka inci 12 sau 12 su ka fi yi, da ɗigo 300 a ko wane inci, watau ɗigo 3600 sau 3600. A wajenmu takardar A4 ta fi samuwa, ita kuwa ɗigo 2480 sau 3508 ce. Ki ajiye aikinki iri biyu: ɗaya mai fallayensa a rarrabe, PSD a Photoshop ko XCF a GIMP, don gyaran gaba, ɗaya kuma JPEG na kai wa mai bugawa. In ta WhatsApp za ki aika, ki aika shi a matsayin fayil, domin in an aika shi a matsayin hoto akan matse shi ya rage kyau.

To, 'yan makaranta, ga aikin hutun mako. Ko wacce ta zaɓi hoto ɗaya na gidansu, ta ɗebi launi uku daga jikinsa ta rubuta lambobinsu, ta sami farin fure ɗaya ta rina shi da ɗaya daga cikinsu. Sa'an nan ta je wajen inna ko kaka ta tambayi sunan kowa da ke cikin hoton, da garin da aka ɗauka, da shekarar, ta rubuta a ƙasa da launi mai duhu a kan takarda mai haske, yadda tsohuwa za ta iya karantawa. Ku kuwa iyaye, in yarinya ta kawo muku shafin, ku duba mata launin. Ita ta san maɓalli, amma ku kuka daɗe kuna haɗa zane da ɗankwali.